Kwana Goma Sha Tara Babu Yayyafi

A littafin ma'aikata na ofishinmu lambarta sittin da uku, sai dai ban taɓa jin wanda ya kira ta da lamba ba, ko da sunanta na yanka. Mai Yayyafi kowa ke ce mata, daga direbobin motar shara har masu shagunan bakin titi. Ni Yaya nake ce mata, don ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, ita kuma ta ce mini Akawu.

Ni ne magatakardan sashen tsabtar gari. Littafin zuwa aiki yana hannuna, da littafin sito, da takardun hutu. Shekara ashirin da takwas ke nan ina kan tebur ɗaya. Abin da zan faɗa a nan, wanda ban gani da idona ba yana rubuce a wani shafi da zan iya buɗewa.

Mahaifiyarta wanki take yi a wani asibiti, a wurinta ta koyi tsabta har ta zame mata kamar ciwo. Yaya ta auri direban bas, suka yi shekara bakwai, ya rasu a hatsarin mota ya bar ta da 'ya ɗaya mai shekara huɗu. Ba ta sake aure ba. Ta ce wanda ya ɗanɗana zuma ba ya zuwa neman sukari a maƙwabta. Ta ɗauki tsintsiya, ta kama ciki da falo a wani gidan haya mai famfo ɗaya a tsakar gida, a nan ta zauna har ƙarshen rayuwarta.

Sunan ya samo asali ne daga yadda take aiki. Tana da wani tsohon bokitin fenti da ta wanke tas. Kafin tsintsiyarta ta taɓa ƙasa, sai ta tsoma hannu ta watsa ruwa gabanta, kamar taku uku, ta share, ta ja bokitin gaba, ta sake watsawa. Sauran mata sukan gama layinsu su zauna a inuwa, ita tana rabi. Shugaban masu sharar, wanda muke kira Helma, ya yi faɗan har ya gaji.

"Mai Yayyafi, titi aka ce ki share, ba lambu aka ba ki ba!"

"Helma, shara aka ɗauke ni. Ba a ɗauke ni in kwashe ƙasa daga titi in zuba wa mutane a hanci ba."

Masu shaguna kuwa har rige-rigenta suke yi. Mai kanti yakan cika mata bokiti tun kafin ta iso, don ya san ranar da ita ce a layinsu ba zai goge kwalabe ba.

Yawancin matan ba sa rubutu, don haka da babban yatsa suke sa hannu. Kowace safiya sukan jeru gaban teburina, kowace ta taɓa tawada ta dangwala a gaban sunanta. Dangwalen Yaya ya fita daban. A shekararta ta farko a aiki fasasshiyar kwalba ta tsaga mata babban yatsan dama, ya warke ya bar tabo a karkace. Duk inda ta dangwala sai ka ga farin layi ya ratsa tsakiya.

"Yaya, yau ma kin shimfiɗa mana titi," nakan ce.

"To sai ka sa a zuba masa kwalta, Akawu. Ai ku ne gwamnati."

Akwai wani abu da matan ke yi wa junansu, suna kiransa riƙon tsintsiya. Ma'aikatanmu kashi biyu ne, na dindindin da 'yan aikin yini. Doka ta ce 'yar aikin yini in ta yi fashin kwana uku a jere, an ba wata gurbinta. To amma mace takan yi rashin lafiya, takan haihu, ɗanta yakan kwanta. Sai wata 'yar'uwa da ba ta da aiki a ranar ta zo ta yi mata sharar, ta dangwala a gaban sunanta. Kowa ya sani. Tsohon akawun da na gada ya ce mini tun makon farko, "Kai dai ƙirga kawuna. In sun cika, rufe littafi." Haka na yi, kuma ban taɓa ganin laifin abin ba.

Ina shekara ta shida a aiki babban sito ya kama da wuta. Tsohon gini ne na gwamnati a tsakiyar gari, bayan tashar mota, an ba 'yan kasuwa haya suna ajiye katifu da fenti da tukwanen gas. Ranar Alhamis da hantsi tukwanen suka fashe. Ina zaune gilashin tagarmu ya tsage daga sama har ƙasa. Kwana uku wutar tana ci, rufin ya rufta, mutum tara suka rasu.

Rufin ginin da silinsa na asbesto ne, farin allon nan da ake rufi da shi a da don wuta ba ta cinsa. Wutar ba ta ci shi ba ɗin, amma zafi ya farfasa shi, faɗuwa ta niƙe shi. Da hayaƙi ya lafa, sai ga titi huɗu sun yi fari fat. Ba irin tokar murhu ba ce. Tana da laushi, tana ɗan ƙyalli a rana, kuma in ta hau tufafi ba ta son sauka.

Ranar Litinin umarni ya zo daga sama: a share titunan a kwashe komai kafin manya su zo duba wurin. Aka ware mata arba'in da ɗaya.

Yaya ba ta cikinsu. Tana hutun shekara, wanda ni da kaina na rubuta mata takardarsa, na kuma ja layi da rula a gaban sunanta na rubuta "hutu". Amma ƙanwarta, wadda kowa ke kira Auta, tana ciki. Auta 'yar aikin yini ce, a lokacin tana da cikin wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura ko takalmi ba ya shiga.

Da safiyar Litinin ɗin na ɗaga kai sai na ga Yaya a layi, da tsintsiyar Auta a hammata da bokitinta a hannu.

"Yaya, ba kina hutu ba?"

"Na huta ya ishe ni. Kwana uku ina kallon bango, bango yana kallona. Ina layin Auta?"

Na juya mata littafin, na nuna mata. Ta dangwala.

Abin da ba mu sani ba sai da aka je wurin, babban bututun ruwa na unguwar ya fashe ƙarƙashin ɓaraguzai, duk famfunan yankin sun ƙafe. Masu shagunan da ke cika mata bokiti sun rufe sun tafi. Ruwan da ta zo da shi daga gida bai kai ta taku ashirin ba. Washegari ta zo da jarka a ka, ita ma ta ƙare kafin hantsi.

"Ajiye bokitin nan," in ji Helma. "Ko rijiya kika ɗauko ba za ki jiƙa titi huɗu ba. An ba mu lokaci."

Ta ajiye. A iya sanina wannan ne karo na farko da ta yi shara a bushe.

Nakan je wurin da rana in ƙirga kawuna. Sai in tarar da su sun yi fari tun daga gira har ƙafa, kamar waɗanda suka fito daga injin niƙa. Sun ɗaure hanci da gefen ɗankwali, suna tsokanar juna wai tsufa ya kama su rana ɗaya. Can cikin kangon akwai mutanen wani kamfani da aka ba kwangilar kwashe ƙarafa. Su sun rufe jikinsu ruf da fararen riguna, fuskarsu da wani abin shaƙar iska mai hanci biyu. Matan suka sa musu suna 'yan sama jannati. Na ji Yaya tana tambayar Helma me ya sa su suka rufe jiki haka.

"Toka ce kawai," ya ce. "Su ba su saba ba ne. Ku ai jikinku ya san aiki."

Ban ce Helma ƙarya ya yi da gangan ba. Abin da aka faɗa masa ya faɗa, shi ma a cikin ƙurar yake wuni, kuma shi ne na uku da muka binne.

A littafin sito, shafi na casa'in da huɗu, akwai layi da rubutun hannuna. A rana ta biyu da fara sharar an kawo kwali huɗu na takunkumin rufe hanci da baki, guda ɗari biyu. Mai sito ya ce ba zai fitar ba sai darakta ya sa hannu. Na rubuta takardar neman izini na kai ofishin darakta. Ba ta dawo ba. Bayan shekara huɗu akwai wani layin, shi ma da hannuna: kwali huɗu, ɓera ya lalata, an zubar.

Kwana goma sha tara aka yi ana sharar, har da ranakun da ba a saba aiki ba. Manya suka zo, suka tsaya kamar minti goma sha biyar, suka yaba da tsabtar wurin, suka shiga motocinsu. Auta ta haihu lafiya, gurbinta yana nan. Yaya ta dawo daga hutunta a ranar da takarda ta ce, ta ci gaba da yayyafinta.

Abu ɗaya ne ban sani ba sai daga baya. Saboda tsabtarta, ba ta yarda ta shiga ɗaki da wannan ƙura. A ƙofar ɗaki take tuɓe kayan aikin, ta miƙa wa 'yarta. Yarinyar tana da shekara goma sha biyu a lokacin. Sai ta kai su bayan ɗaki ta kakkaɓe su a jikin bango har ƙurar ta daina tashi, sannan ta wanke, don kada ta ɓata ruwan da ake awo da kofi. Kullum haka, sau goma sha tara.

Aka yi shekara ashirin da biyu. Yarinyar ta girma ta zama tela, tana da shago da keken ɗinki biyu da 'ya'ya uku. Tela kowa ke ce mata, har uwar. Yaya ta yi ritaya. Ranar da ta zo sallama na lura tana tsayawa a tsakiyar magana ta ja numfashi, amma na ce shekaru ne.

Ni nake rufe fayil ɗin duk wanda ya rasu, don haka na riga kowa ganin abin, ko da yake ban gane ba. Cikin arba'in da ɗayan nan, bakwai sun tafi a shekara biyar, kuma in ka tambayi dangi sai su ce tari ne, ko ƙirji, ko ruwa a huhu. Wani likita a asibitin ƙirji ne ya haɗa lissafin da ni na kasa haɗawa. Ya ga masu shara sun yi yawa a gadajensa, ya riƙa tambayarsu inda suka yi aiki. Shi ya bayyana cewa ƙurar asbesto ƙananan zaruruwa ce da ido ba ya gani, in sun shiga huhu ba sa fita, sukan yi shekara ashirin ko fiye kafin su nuna kansu. Ya ce har wanda ya wanke kayan mai aikin bai tsira ba. Ya ce da an jiƙa wurin da ruwa kafin a taɓa, da abin ya zo da sauƙi.

Magana ta kai jarida, gwamnati ta kafa kwamiti. Sanarwar ta ce duk wanda ya yi wannan shara, da duk wanda ya zauna gida ɗaya da shi a lokacin, za a ba shi kati na gwaji da magani a asibitin ƙirji. Ta kuma ce wannan taimako ne na jin ƙai, ba amsa laifi ba ne. Aka aiko ofishinmu a ba da sunaye.

Ni na kwafe su. Na sauko da littafin waccan shekarar, na ɗora rula, na bi layi-layi, na duba sau biyu. Arba'in da ɗaya cif. Auta ce ta goma sha bakwai. Sunan Yaya ba ya ciki.

Ba zan ce mantuwa na yi ba. Da na zo kan layin Auta na tuna. Sai na ce a raina littafi aka ce in kwafe, ba abin da na tuna ba, in ya so daga baya a gyara. Na sa hannu na buga hatimi na aika.

Bayan wata biyu suka zo su uku, ita da Auta da Tela. Ofishinmu a sama yake, matakala goma sha huɗu. Ina jin tarinta tun daga ƙasa, na ji ta tsaya sau uku. Da ta shigo sai da na sake duban fuskarta kafin na gane ta. Zanenta ya zagaye ta har ya yi saura.

"Akawu," ta ce bayan ta zauna ta huta, "ashe hutu na yi. Yau aka faɗa mini. To wannan hutu bai karɓe ni ba."

Auta ta ajiye wani shuɗin kati a kan teburina tana kuka. "Ni aka ba. Ni da ko atishawar ƙurar nan ban yi ba. Na kai musu na ce na Yaya ne, su ba ta, suka ce ba a aron kati. Na rantse musu, suka ce kowa ma rantsuwa yake yi yanzu."

"Ke rufe mana baki," in ji Yaya. "Tun kina goye kike kuka, har yau ba ki gama ba." Sai ta juyo gare ni. "Ni tawa ta riga ta ƙare, Akawu. Sau biyu ana zuƙe mini ruwa a ƙirji, likita bai ɓoye mini ba. Ba katin kaina nake nema ba. Wannan nake ji." Ta nuna Tela da haɓa. "Ita ke kakkaɓe kayan. Sun ce ba za su duba ta ba sai in sunana yana ciki."

"Inna, ni lafiyata ƙalau," in ji Tela.

"Ni ma ƙalau nake shekara ashirin."

Na ce su ba ni kwana biyu. Da suka tafi na sake sauko da littafin. A karon farko sunaye na bi. Yanzu na bi dangwalen. A gaban sunan Auta, daga waccan Litinin ɗin har kwana goma sha tara, kowane dangwale da farin layi a karkace. Kafin nan babu, bayan nan babu. Na buɗe layin Yaya na watan da ya gabaci gobarar, ga titin nan iri ɗaya. Tawadar ta koɗe amma layin yana nan.

Washegari na rungumi littafin na kai wa sakataren kwamitin. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Ya duba shafukan ya daɗe.

"Malam Akawu, ka san abin da kake faɗa kuwa? Kana cewa da saninka wata ta sa hannu a madadin wata. Wannan laifin aiki ne, kuma a kanka zai faɗa."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To ka rubuta da hannunka. Sannan muna buƙatar sabon dangwalenta, a ɗauka a gaban likita ya sa hannu, mu aika wa masana zanen yatsa su gwada. In sun tabbatar, sai a kai gaban kwamiti."

"Yaushe kwamiti zai zauna?"

"Duk wata uku. Saura mako biyar."

Na rubuta bayanin a nan teburinsa. Na haɗa da kwafin shafi na casa'in da huɗu na littafin sito, wanda na zo da shi. Ya karanta, ya zare shi daga cikin takardun a hankali, ya miƙo mini.

"Wannan ba ya cikin aikin da aka ɗora mana. Mu sunaye aka ce mu tantance."

Kafin in shirya zuwa gidanta an kwantar da ita a asibitin ƙirji. Na je ranar Alhamis da la'asar, da kwalin tawada a aljihu da farar takarda a cikin fayil. Tana gado na shida kusa da taga, an jingina ta da matasai uku don ba ta iya kwanciya, da robar iska a hanci. Tela na zaune a gefe tana mata fifita.

"Ga gwamnati ta zo," ta ce. "Tela, ba gwamnati kujera."

Likita ya zo ya tsaya. Na buɗe tawadar na kama hannunta. Hannun da ya yi shekara talatin yana jan bokiti ya koma kamar busasshen kara. Na taɓa yatsan a tawada, na ɗora a takarda, na danna mata don ba ta da ƙarfin dannawa. Da na ɗaga, ga layin nan fari.

"Ya fito?"

"Ya fito, Yaya. Titi ba ya ɓuya."

"Har yau ba ku zuba masa kwalta ba." Ta yi dariya, dariyar ta zama tari, muka jira har ya lafa. Likita ya sa hannu ya wuce gado na gaba.

Ta taga ana ganin barandar asibitin, wata ma'aikaciya tana shara, ƙura na tashi. Yaya ta bi ta da ido. Ta ɗaga hannu kamar za ta kira ta, muryar ba ta kai ba. "Tela, je ki ce wa 'yar nan ta yayyafa ruwa. Marasa lafiyar ƙirji ne a nan." Tela ta tashi ta fita.

Da muka rage mu biyu na ce, "Yaya, ni na kwafe sunayen nan. Na tuna, kuma ban sa ki ba."

"Wa zai kwafe in ba kai ba? Na sani tun ranar." Ta ja numfashi. "Ai ni na ce ka juyo mini littafin. Bar wannan. Abin da ke hana ni sakat shi ne 'yan sama jannatin nan. Su an faɗa musu. Mu me ya sa ba a faɗa mana ba? Ko ƙyalle ne ai da an ba mu."

Ban yi niyyar faɗa mata ba. Amma ta tambaya, ni kuma na san amsar. Na faɗa mata zancen kwali huɗu, da takardar da na kai ofishin darakta, da ɓera.

"Guda nawa?"

"Ɗari biyu."

"Mu kuma arba'in da ɗaya." Ta rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can sai ta ce, "Ashe har da na canji."

Da zan tafi ta riƙe bakin rigata. "Ka rubuta musu sunan yarinyar nan da kyau. Irin rubutunka na rula."

Ta rasu ranar Asabar da safe. Da na je gaisuwa Tela ta ce mini da aka zo yi mata wanka sun goge yatsan da sabulu har sau uku, tawadar ba ta fita ba. Da ita aka binne ta.

Kwamiti bai zauna a ranar da aka sa ba, shugabansa ya yi tafiya. Ya zauna bayan mako biyu. Kwana hamsin da uku da rasuwarta wasiƙa ta iso ofishinmu da sunanta a bayan ambulan. An tabbatar da dangwalen. Ana gayyatarta ta je asibitin ƙirji ranar Litinin da ƙarfe takwas don a duba lafiyarta, ta zo da duk wanda ya zauna gida ɗaya da ita a lokacin aikin. Lambarta arba'in da biyu. A makon ne ni ma na karɓi takardar tuhuma, na amsa, aka sa mini gargaɗi a fayil.

Na kai wa Tela wasiƙar a shagonta. Na karanta mata, don ta ce idonta ba zai iya ba. Ta ce ba za ta je ba, su riƙe katinsu. Auta, wadda ke zaune a kan benci, ta miƙe tsaye. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Matakala goma sha huɗu ta hau saboda ke! Za ki je ko sai na ɗaure ki da tef ɗin awonki na ja ki?"

Ranar Litinin muka je mu uku. Mai karɓar takardu ya kira sunan Yaya da ƙarfi har sau biyu kafin na isa gare shi na yi masa bayani. Aka ɗauki hoton ƙirjin Tela. Likitan ya ɗaga shi a haske, ya nuna mana wani ɗan wuri a gefen hagu da ya fi sauran kauri. Ya ce yana iya zama haka har tsufa bai yi komai ba, yana kuma iya motsawa. Ya ce ta riƙa dawowa duk wata shida, kada ta yi fashi ko sau ɗaya.

Rahoton kwamitin ya fito daga baya, na karanta shi duka, shafi sittin da biyu. Ya ce ba a samu shaidar sakaci daga wani jami'i ba. Babu kalmar takunkumi a cikinsa. Littafin sito yana nan a kabad ɗina, a sahu na biyu, duk wanda ya zo nema zan buɗe masa. Har yau ba wanda ya zo. Cikin arba'in da biyun, goma sha ɗaya ne na rufe fayil ɗinsu.

Makon jiya na kai wa Tela wandona ta rage mini tsawo. Ta ɗauko wani yadi daga kan kanta za ta shimfiɗa, ta kama gefe biyu ta ɗaga kamar yadda teloli ke yi kafin su yanka, sai hannunta ya tsaya a sama. Ta sauke shi a hankali, ta jiƙa tsumma ta goge.

"Baba Akawu, na kasa kakkaɓe kaya," ta ce. "Abokan aiki har dariya suke mini."

Na tambaye ta ko ta tuna ranar komawarta asibiti. Ta ce wai cikin watan gobe ne, za ta duba katin. Na ce sha huɗu ga wata ne, ranar Talata, ƙarfe takwas. Na rubuta a kalandar teburina, zan biyo mata da bakwai da rabi.